Wa yaron shago zai kalla ya koyi riƙon kasuwa da gaskiya?

Ɗan Asawase: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kullum ana ce mana mu yi koyi da 'yan kasuwa na ƙwarai. To yaya ake gane su, kuma me ake ɗauka a wurinsu? A kasuwar Kejetia ta Kumasi dai kowa Alhaji ne, kowa da motarsa.

Baba Mai Goro: Wa alaikumus salam ɗana. Bar kallon mota, kalli hannunsa idan ya kwance huhu. Maigida na ƙwarai a gaban mai saye yake zazzage goro, ya ware mai sankara gefe da nasa farashi, ƙwarya kuma ɗari cif. Mai jera manya a sama ya cusa ruɓaɓɓe a ƙasa algus ya yi, kuma sankara bin sauran take, kafin kaya su isa arewa huhun ya lalace, mai saye ba zai dawo ba. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, daga ƙasar nan ta Ghana ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Fatauci mai nisa haka, kaya a hannun wakilai, sai da amana.

Hajiyar Alabar: Baba ya gama magana kan kaya, saura littafi. Duba ko layin MoMo (asusun kuɗi na waya) na shago daban yake da na cefanen gida, domin idan suka haɗu uwar kuɗi ake ci ana zaton riba ce. Bashi kuma a rubuce: suna, adadi, ranar biya, shaida, yadda aya ta 282 ta Baƙara ta umarta. Mai yara a kan albashi, kashi 13 cikin ɗari na SSNIT (asusun fansho) daga aljihunsa yake fita, 5.5 daga na yaro. Wasu sukan cire na yaron su riƙe, sai tsufa ya zo a tarar asusu wayam. Ga masu hatsi kuwa, kifa olonkarsu (gwangwanin awo), ka ga ko an buga gindinta ciki.

Malam Dillali: Hajiya, yaro ba ya ganin littafin maigidan wani. Hanya mafi sauƙi ita ce tambayar yaran da suka bar shagon: nawa ya yaye da jari, bayan shekara nawa, an yanka wa'adin tun farko a gaban shaidu ko sai "Allah ya kai mu"? Idan kaya suka ɓace, lissafi ake zama a yi tare, ko yanke albashi kawai? Kuma ba lallai mutum ɗaya ba. Ka koyi awo wurin wannan, biyan ladan dillali a ranar ciniki wurin wancan.