Ɗalibaina sun ɗauka haske ƙwallo ne mai tafiyar maciji

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Shekarata takwas ina koyar da fizik a ajin ƙarshe na sakandare, alhali lissafi na karanta. An ɗora mini darasin ne lokacin da mai koyar da shi ya yi ritaya. A zangon nan na koya wa ɗalibai cewa haske yana da ɗabi'ar igiyar ruwa, kamar yadda gwajin tsaga biyu na Thomas Young ya nuna, inda haske ke ratsa ƙananan tsagogi biyu ya fitar da jerin layuka, yana kuma da ɗabi'ar ƙwaya, kamar yadda Einstein ya bayyana a 1905. Da na gwada su, yawancinsu sai suka zana ɗan ƙwallo yana tafiyar maciji. Jarrabawar WAEC ta ƙarato, na rasa ta inda zan ɓullo.

Tsohon malami: Malam, zanenka na allo ne ya jawo. Duk wanda ya zana layi mai lanƙwasa ya ɗora ɗigo a kansa, ya gaya wa yaro cewa layin hanyar ɗigon ce. Ka goge shi. Ka nuna musu cewa a gwajin tsaga biyu, ko an harba ilektiron (ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, su ma masu ɗabi'a biyun nan) ɗaya bayan ɗaya, kowanne a wuri guda yake sauka, amma in sun taru sai jerin layuka ya fito, kuma igiyar tana nuna inda ya fi yiwuwa a same shi ne.

Wata malama: Ni ban ga lokacin wannan ba. Su haddace lissafin de Broglie, mai ba da tsawon igiyar ƙwaya, su ci jarrabawa, fahimta ta same su a jami'a. Mu a makarantarmu ɗakin gwaji ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru tun bara.

Mai tambaya: Zanen ba nawa ba ne, a littafi na same shi, kuma na yi bayaninsa sau uku.

Tsohon malami: Littafin igiya ya zana, kai ka ƙara ɗigon. Malama kuwa, hadda ce ta kawo mu nan, domin yaron da ya haddace sunan Davisson da Germer, waɗanda gwajinsu ya nuna ɗabi'ar igiya a ilektiron, da shekarar 1927 bai san abin da suka gani ba.

Mai tambaya: Ɗigon ai don sauƙaƙawa na sa shi. Mako uku ya rage mini, ga sauran manhaja ban taɓa ba.