Neman shawara: injiniyan lantarki na karanta, yanzu ana so in koma shugabancin makaranta

Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana.

Digirina na farko a injiniyan lantarki na yi shi, shekara biyar cur. Bautar ƙasa ta kai ni wata sakandare mai zaman kanta, da na gama aikin kamfani bai samu ba, sai mai makarantar ya riƙe ni ina koyar da fiziks da lissafi. Kamar wasa, yau shekara shida ke nan. Ni na haɗa musu sola, ni na buɗe ɗan ɗakin gwaji inda yara ke koyon wayarin a kan allon katako. Ranar da wata yarinya 'yar aji huɗu ta haɗa makunni biyu a kan ƙwai ɗaya, ta kunna nan ta kashe can, ihun da ajin ya yi har yau yana kunnena.

Yanzu mai makarantar ya ce in na yi digiri na biyu a fannin gudanar da ilimi zai ba ni mataimakin shugaba. Ni kuma da burina digiri na biyu a harkar wuta. Kuɗin da na tara na karatu ɗaya ne, ga iyali. Mahaifina cewa ya yi, "Duk wahalar da muka sha, a riƙon alli za ka ƙare?" To za su ɗauke ni wannan digiri na biyu na ilimi, wato M.Ed, kai tsaye da takardar injiniya? Kuma in na bi wannan hanya, karatuna na baya ya tashi a banza ke nan?

Tsohon Firinsifal: Wa alaikumus salam, ɗana. Kai tsaye dai da wuya. Wanda digirinsa ba na ilimi ba ne, PGDE ake fara nema a wajensa, difilomar koyarwa ta bayan digiri, kusan shekara guda. Ana yin ta a ABU da BUK da sauran jami'o'i, akwai kuma ta NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, da hedikwatarta ke Kaduna, wadda aka tsara don masu aiki irinka, ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN. Da ita za ka zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ka yi rajista, domin a idon dokar da ta kafa hukumar a 1993, duk shekara shidan nan da ka yi ba ka zama cikakken malami ba tukuna. Kada ka ji haushi, haka abin yake.

A M.Ed ɗin za ka tarar da tsara ilimi, kasafin kuɗin makaranta, dokokin ilimi, duba aikin malamai, da hanyoyin bincike. Ƙididdiga da ke sa 'yan ajin kuka, kai da ka sha lissafin Laplace ruwa za ka sha. Inda za ka ji jiki shi ne rubutu. Ka saba amsa ɗaya ce, ko daidai ko kuskure. A nan shafi goma za ka cika kana kare ra'ayi.

Kuma bari in faɗa maka abin da ba ya cikin kwas. Satin da na fara mataimaki, na shiga aji na tarar da malami ya rubuta darasi a allo ya fita shan shayi. Malamin nan shi ya koya mini Turanci ina aji ɗaya. Na tsaya da rajista a hannu, jan biro a aljihu, na kasa sa masa layi. Da yamma gidansa na je, na durƙusa na gaishe shi, sannan na yi maganar. Waya in ta ƙone ka yanke ka sa sabuwa. Mutum fa? In ka san ba za ka iya irin wannan zaman ba, ka bar kujerar tun yanzu.

Injiniya daga Gombe: Da girmamawa ga Baba, ni ban goyi baya ba. Abokina, ka yi rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, kuwa? In ba ka yi ba, wannan ya fi gaggawa. Tun da aka sa hannu a dokar wutar lantarki ta 2023, jihohi suka samu damar tsara kasuwar wutarsu, ga aikin sola da ƙananan tashoshin karkara. Yanzu ne za ka juya wa fannin baya? Sannan alkawarin nan na baki ne. Makarantar mutum ɗaya ce. Gobe ɗansa ya dawo daga karatu, wa kake jin za a ba kujerar?

Maman Sadiƙ: Injiniya ka faɗi gaskiya a kan alkawarin baki, amma ka sake karanta yadda ya ba da labarin yarinyar nan. Ƙanina, kai malami ne, kunyar mahaifinka ce kawai ke damunka. Ka duba fannin ilimin fasaha ma, ATBU a Bauchi da FUT Minna duk suna yi. Kwalejojin fasaha da ke zana jarrabawar NABTEB, ta kammala karatun fasaha da kasuwanci, suna buƙatar shugaban da in an kawo masa takardar sayen kayan bita zai gane wace waya ce ta jabu, kuma me ya sa mitar awon wuta ɗaya ba za ta ishi yara arba'in ba. Kuma ka ce wa mai makarantar ya biya rabin kuɗin PGDE. A nan za ka gane ko da gaske yake.

Malamin Jami'a: Ƙarin bayani kaɗan. In kana da niyyar koyarwa a sashen injiniya wata rana, M.Ed ba za ta kai ka ba, sai digiri na biyu a injiniya, irin M.Eng. Ka kuma karanta sanarwar ɗaukar ɗalibai da kanka, kowace jami'a da matakin sakamakon da take nema.

Ɗan Kurmi: Mu dai ko firinsifal ka zama, in inbatar sola ta lalace za mu kira ka.

Hajiya Babba: Ka yi istihara, ɗana. Kuma kada ka yi gardama da mahaifinka, ka gayyace shi ya ga ɗakin gwajin da idonsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Firinsifal, labarinka ya tsorata ni, don mu ma muna da irin wannan dattijon. Injiniya, ban yi COREN ba, na fara tattara takardu. Yaya Maman Sadiƙ, jiya na yi wa mai makarantar maganar rabin kuɗi. Ya yi dariya ya ce in kawo masa a rubuce ranar Litinin. PGDE dai zan fara, tunda ko ina na dosa ba za ta cuce ni ba, maganar M.Ed ko M.Eng sai na ga abin da Litinin ta haifa. Mahaifina kuma ya ce zai zo ranar Asabar, amma da sharaɗin in fara gyara masa fankar ɗakinsa.