Muhawara: Shin ƙarancin bangaskiya ne ke hana a amsa addu'ar ƙarshen shekara?

Shugaban matasa: Iyayena da 'yan'uwana, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Tunda bikin Kirsimeti ya ƙarato, kuma a daren 31 ga Disamba za mu sake rubuta buƙatunmu a takarda mu sa a kwando, ina so mu tattauna wata magana da ke raina. A ganina, duk addu'ar da aka yi da cikakkiyar bangaskiya sai an amsa ta, kuma yawan cewa "hikimar Allah ce" idan ba mu samu ba, hanya ce ta rufe sanyin addu'armu. A Markus 11:24 Yesu ya ce abin da muka roƙa mu gaskata mun samu, za a kuwa ba mu, Yaƙub 1:6-7 kuma ya ce mai shakka kada ya yi tsammanin samun kome. Idan muka koya wa mutum tun kafin ya durƙusa cewa wataƙila ba za a ba shi ba, da wane ƙarfi zai yi roƙo?

Malamar makarantar Lahadi: Ɗan'uwa, ayoyin da ka kawo gaskiya ne, amma ba su kaɗai ne a Littafi Mai Tsarki ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuwa ta zauna, kamar yadda yake a 2 Korintiyawa 12. Ubangijinmu da kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala in mai yiwuwa ne, ya ƙara da cewa nufin Uba za a yi, gari na wayewa aka kai shi gaban Bilatus. Wa zai iya cewa bangaskiya ce ta gaza a wurin Bulus, balle a wurin Yesu?

Shugaban matasa: Malama, waɗannan biyun an nuna mana dalilinsu: na Bulus don kada ya yi girmankai, na Yesu don ceton duniya. Mu kuwa muna jingina kome ga hikimar Allah ba tare da an nuna mana kome ba, muna kuma daina addu'a da wuri.

Dattijon ikkilisiya: Ɗana, ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 12, domin abin da ke ciki a lokacin idi ya faru. Sarki Hirudus ya kashe Yaƙub ɗan'uwan Yohanna da takobi, da ya ga abin ya gamshi mutane sai ya kama Bitrus a kwanakin idin abinci marar yisti. Ikkilisiya ta duƙufa da addu'a, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Amma ka lura da abin da ya biyo baya: da baiwar nan Roda ta ji muryarsa a bakin ƙofa, ta ruga ciki ta ba da labari, masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Mutanen da aka amsa wa addu'a ba su ma gaskata an amsa ba. Haka Zakariya a Luka sura 1, wanda muke karantawa kowane Disamba: mala'ika ya ce masa an ji roƙonsa, ya yi shakka saboda tsufa, aka mai da shi bebe, duk da haka aka haifa masa ɗa, Yohanna Mai Baftisma. Da ƙarfin bangaskiya ne ma'aunin amsa, da Bitrus bai fito ba, da Alisabatu matar Zakariya ba ta goyi ɗa ba.

Shugaban matasa: Baba, na karɓi maganar Roda. Sai dai nassin bai ce ikkilisiya ta yi wa Yaƙub addu'a ba, Bitrus kaɗai aka ambata, don haka ba za mu kafa hujja da mutuwar Yaƙub ba.

Mama ta Zumuntar Mata: Ɗana, to bari mu kafa hujja da abin da idonmu ya gani. A ranar Kirsimeti ta 2011 aka tayar da bam a cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla, mutane na fitowa daga sujada. A jajiberin Kirsimeti na 2023 aka kashe fiye da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Mutanen nan sun yi addu'ar kāriya kamar yadda muke yi, wasu ma sun fi mu naci. Tun watan Fabrairu na 2018 da aka sace Leah Sharibu, yarinya Kirista 'yar makaranta, daga Dapchi, coci nawa ne suka yi azumi dominta, shekara nawa kuma aka yi ana ambaton sunanta a daren shiga sabuwar shekara? Ba zan iya duban uwa irin tata in ce mata bangaskiyarta ce ta yi kaɗan ba. Amma ina da ƙorafi a kan ɓangarenmu ma. A sujadar ƙarshen shekarar bara, ana ta ba da shaida, wannan ya sami aiki, waccan ta haihu, ana guɗa, sai na ga wata gwauruwa a bencin baya ta ninke takardar buƙatunta ta cusa a cikin Littafinta, ba ta kai ta kwando ba. Da muka fito wata ta dafa ta, ta ce mata, "Ki yi haƙuri, Allah ya san dalili," ta wuce wurin gaisawa. Maganar daidai ce, amma yadda aka faɗe ta, sallama ce kawai. Idan hikimar Allah ta zama abin da muke rufe bakin mai kuka da shi, mun zama abokan Ayuba, waɗanda Allah ya tsawata musu a ƙarshen littafin.

Baba Fasto mai ritaya: Mama ta taɓa inda ciwon yake. Ɗana, damuwarka tana da tushe, domin akwai masu ɗaukar "nufin Allah" su mai da shi ragwanci, kuma Yaƙub 4:2 ya ce akwai abin da ba mu samu ba don ba mu roƙa ba. Amma 1 Yohanna 5:14 ya ɗaura gabagaɗinmu a kan roƙo bisa ga nufinsa, kuma dogara ga hikimarsa ba ya nufin mun san dalilinsa. Sau da yawa ba mu sani ba, bai kuma kamata mu ƙirƙiro wa mai makoki dalili ba. Labarin Kirsimeti ma ba murna zalla ba ne. A Matiyu sura 2, garin Baitalami da aka haifi Mai Ceto, a nan ne aka kashe yara maza 'yan shekara biyu zuwa ƙasa, mai bisharar kuma bai yi wa iyayensu bayani ba, ya dai rubuta kukan Rahila. Bangaskiyar da nake so matasanmu su koya ita ce ta abokan Daniyel uku a gaban tanderu, da suka ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, ko bai cece su ba kuma ba za su yi wa gunki sujada ba. Mun ga irinta a zamaninmu. Rabaran Lawan Andimi na Ikkilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika, wanda aka sace a farkon Janairu 2020, ya bayyana a bidiyo yana fatan komawa wurin iyalinsa, yana kuma cewa in hakan bai yiwu ba ya bar wa Allah. Cikin wannan wata na Janairu aka kashe shi. Ya roƙa da dukan zuciyarsa, ya kuma miƙa wuya, ɗayan bai rage ɗayan ba.

Shugaban matasa: Baba, ba zan ƙara cewa wanda bai samu ba bangaskiyarsa ce ta gaza ba, domin ba ni da bakin faɗar haka a gaban mutanen Bokkos. Amma har yanzu ina riƙe da cewa yawancinmu muna sallamawa tun ba mu yi naci ba, kuma ina tsoron kada a rage shaidar waɗanda aka amsa musu don gudun ɓata ran wasu.

Dattijon ikkilisiya: Ba wanda ya nemi a rage shaida, ɗana. Abin da zan kai gaban majalisar dattawa shi ne, a daren 31 ga wata, bayan masu shaida sun gama, a karanta Zabura 13 da Habakuk 3:17-18, sa'an nan a keɓe lokaci a yi addu'a domin waɗanda suke jira har yanzu, ba tare da an tsayar da kowa ko an kira suna ba. Mama, ina roƙon matan zumunta su raba gidajen gwauraye da na masu makoki a tsakaninsu, su ziyarce su kafin ranar 25.

Mama ta Zumuntar Mata: Za mu yi, Baba. Matasa ma su zo su ɗaukar mana kayan abincin, su zauna su saurari abin da mutanen nan suke roƙa.