An dakatar da sunan shafinmu saboda bayanan rajista: shin haka doka ta tanada?

Baban Hajara, Marwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta dukawa tana da shafin intanet mai ƙarewa da .com, inda 'yan kasuwar Yawunde da Duwala suke duba takalma da jakunkunan da muke ɗinkawa. Ɗan yayana ne ya yi mana rajistar sunan da adireshin imel ɗinsa, daga baya ya tafi karatu ya daina buɗe akwatin. A makon jiya shafin ya ɓace, imel ɗin ƙungiya ma ya tsaya, alhali kuwa mun biya kuɗin shekara. Kamfanin rajistar ya ce ya aiko da saƙon tantance bayanai ba a amsa ba. Tambayata ita ce, yana da hurumin yin haka, kuma akwai tara a kanmu?

Mai gyaran kwamfuta, Garwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Yana da hurumi, hasali ma wajibi ne a kansa. Duk kamfanin da ke sayar da sunaye irin .com da .org yana ƙarƙashin yarjejeniya da hukumar ICANN mai kula da tsarin sunayen shafukan intanet, mai hedikwata a Amurka, kuma yarjejeniyar 2013 ta ɗora masa tantance imel ko lambar wayar wanda ya mallaki sunan (mai suna) cikin kwana 15 bayan rajista, ko bayan an sauya bayanai, ko kuma idan ya sami alamar cewa bayanan ba daidai ba ne. In wa'adin ya cika mai suna bai amsa ba, sai kamfanin ya tantance da kansa ko ya dakatar da sunan. Akwai kuma sharaɗin cewa wanda adireshinsa ko lambarsa ta canza ya gyara cikin kwana 7.

ICANN ba ta cin mai suna tara. Hukuncin shi ne dakatarwa, wani lokaci soke rajistar gaba ɗaya, kamfanin da ya yi sakaci kuwa yana iya rasa izininsa. Ku nemi yaron ya buɗe imel ɗin ya amsa saƙon, sunan zai dawo. Bayan haka ku mayar da rajistar ga sunan ƙungiya, ku duba lambar wayar ma, domin tun 2014 lambobin wayar Kamaru suka koma masu alƙaluma tara, kuma har yanzu ina cin karo da rajista mai tsohuwar lamba.

Malama daga Ngaundere:
Bayanin Malam daidai ne, amma ni hukuncin bai kwanta mini ba. Ɗan damfara da ya shirya cutar mutane zai buɗe imel mai aiki, ya danna saƙon tantancewa cikin minti ɗaya, sunan ƙaryarsa da adireshin ƙaryarsa su wuce lami lafiya, tunda abin da aka tabbatar kawai shi ne akwatin yana karɓar saƙo. Wanda sandar take sauka a kansa shi ne irin Alhaji, mai gaskiya, wanda saƙon ya zo masa da Turanci a akwatin da ba ya hannunsa. Ga kuma batun adireshi: fom ɗin yana neman sunan titi da lambar gida, mu kuwa yawancinmu unguwa muke da ita da lambar akwatin gidan waya, sai mutum ya rubuta abin da fom zai karɓa ba da niyyar yaudara ba.

Na fi ganin hikimar dokar da Amurka ta yi a 2004, wadda ta ƙara wa mai babban laifi har shekara 7 a kurkuku idan ya yi amfani da sunan da ya yi wa rajistar ƙarya da gangan wajen aikata laifin. A can an haɗa hukunci da niyya. Rufe wa ƙungiya hanyar cinikinta saboda saƙo guda da ba a gani ba ya yi tsauri, ya kamata a fara da kiran waya.

Mai gyaran kwamfuta, Garwa:
Malama, na yarda da ke a kan kiran waya. Ƙarin bayani ga masu karatu: wannan wa'adi bai shafi .cm na Kamaru ba, wanda ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasar, ke kula da shi, ko .td na Chadi, domin sunayen ƙasashe suna bin ƙa'idojin hukumominsu ne.

Baban Hajara, Marwa:
Allah ya saka muku da alheri. Mun sami yaron a waya jiya da dare, ya amsa saƙon, shafin ya dawo da safen nan. Malam, waɗanne takardu kamfanin zai nema kafin ya mayar da rajistar ga sunan ƙungiya?