Muhawara: Shin a sa wa muryar mai karanta littafi eko?

Auta (Angwan Rogo): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na kammala naɗar babi uku na littafin da marubuciyarsa ta ba ni izinin karantawa, kuma ina so in faɗi ra'ayina ƙarara domin a gyara mini idan na kauce. A ganina muryar da aka bari yadda ta fito daga makirufo ba ta da armashi, kuma duk mai son a saurari littafinsa har ƙarshe sai ya sa mata eko, ya shimfiɗa ɗan kiɗa mai taushi a ƙarƙashinta. Da haka kunnenmu ya saba tun zamanin kaset, kuma haka masu karanta littattafai da yawa suke yi a YouTube.

Injiniya (Rayfield): Wa alaikumus salam, ƙanena. Waƙa minti biyar ce, littafi kuwa yakan kai awa takwas ko goma, kuma abin da yake yi wa kunne daɗi a minti biyar shi ne yake gajiyar da shi a awa ta biyu. Eko ba komai ba ne illa sautin da ya riga ya wuce yana dawowa a makare, saboda haka wutsiyar kowace kalma takan faɗa kan farkon wadda ke biye da ita. Ka dubi sharuɗɗan ACX, hanyar da ake bi a shigar da littafi Audible, kasuwar littattafan saurare ta intanet: matsakaicin ƙarfin sauti ya tsaya tsakanin desibel -23 da -18, ƙololuwarsa kada ta haura -3, hayaniyar ɗaki kada ta wuce -60, a kuma miƙa fayil ɗin MP3 mai 192 kbps ko fiye. Ko da ba can za ka kai aikinka ba, ma'auni ne mai kyau, kuma babu inda aka nemi eko a cikinsa. Abin da nake yi ni ne in yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sauti mai kauri sosai, domin can gurnanin wutar lantarkinmu mai 50 Hz yake zaune, in rage hayaniya, sannan in matse sautin kaɗan yadda raɗa da tsawa ba za su yi wa juna nisa ba.

Malam (Bauchi Road): Injiniya, na yarda da kai a kan eko, amma ina da ja a kan abin da ka kira rage hayaniya, kuma da hujja nake magana. Bara na karanta wa ɗalibaina wasu darussa a wani situdiyo, aka tace sautin aka miƙo mini. Da na saurara sai na ji muryata tana ƙyalli kamar daga cikin gwangwani, kuma abin da ya fi damuna shi ne ƙ ta lafa ta kusa komawa k, har wani ɗalibi ya kasa rarrabe ƙafa da kafa. Na'urar ba ta san Hausa ba. Ɗan fashewar da ke cikin ƙ da ts a wurinta datti ne da ya kamata a share, alhali a wurinmu shi ne ma'ana. Eko ma laifinsa a harshenmu ya fi na wasu harsuna, domin tsawon wasali kaɗai ne ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, kuma idan aka ja wa kowane wasali jela to an dagula wannan bambanci. Ni dai ra'ayina a bar murya yadda Allah ya yi ta.

Injiniya (Rayfield): Allah ya gafarta Malam, abin da aka yi wa muryarka wuce gona da iri ne, kuma na san yadda yake faruwa. A Audacity, manhajar gyaran sauti, mutum yakan zaɓi 'yan daƙiƙoƙin da babu magana, manhajar ta ɗauki samfurin hayaniyar, sannan ta cire mai kama da ita daga dukkan naɗin. Idan ɗakin ya cika ƙara sai a tilasta wa mai aikin ya ɗaga ma'aunin sama, a nan ne baƙaƙe suke tafiya tare da ƙarar. Maganin yana cikin ɗaki tun kafin a kunna kwamfuta: a kashe fanka, a rataya barguna a bango, a ajiye makirufo kamar taƙi guda daga baki kuma a ɗan karkace, a guji naɗi lokacin da ruwan Agusta yake dukan rufin kwano. Amma a ce ba za a taɓa sautin ba sam, wannan ban yarda ba.

Hajiya (Rikkos): Ku ba ni dama in yi magana da bakin mai saurare. Mahaifiyata idonta ya yi rauni, kuma da ƙaramar waya take jin karatu, tana ajiye ta a kan tabarma kusa da ita, jikoki na kai-kawo. Malam, ka yi haƙuri, naɗin da ba a daidaita ba shi ya fi wahalar da ita: mai karatu ya sassauta murya sai ta ɓace, ta lalubo wayar ta ƙara sauti, can ya ɗaga murya sai ta firgita. Don haka ina bayan Injiniya a kan matsewar nan. Kai kuma Auta, ɗana, ranar da na kunna mata wani karatu mai kiɗa a ƙasa, ba ta yi minti goma ba ta ce in kashe, wai mutum biyu ne suke yi mata magana lokaci guda.

Auta (Angwan Rogo): Na ji, Hajiya, kuma na janye batun kiɗan. Sai dai a babi na biyu akwai inda yarinya ta faɗa rijiya tana kiran yayanta daga ciki. Shin ko a wannan layin guda bai halatta in sa eko ba, tunda labarin da kansa ne ya nema?

Malam (Bauchi Road): Kakanninmu da suke yi mana tatsuniya da dare ba su da na'ura, amma da sun canza harshe sun yi tsamin bakin Gizo kowa ya san wanda ya shigo. Ka ja da baya kaɗan daga makirufo, ka kira sunan da dogon numfashi, mai saurare zai gina rijiyar da kansa. Da zarar ka sa wa rijiya eko, gobe za ka nemi ƙarar ƙofa da kukan jaki, daga nan ka bar karatun littafi ka shiga wasan kwaikwayon rediyo.

Injiniya (Rayfield): A wannan layin kaɗai ni ba zan hana shi ba, Malam, muddin kalmomin sun fita sarai kuma bai maimaita dabarar a wani wuri ba. Auta, ka turo mini ainihin naɗin na WAV wanda ba ka taɓa ba, ka kuma adana kwafinsa a gefe, domin eko idan ya shiga fayil fitar da shi aiki ne mai wuya. Zan haɗa shafin rijiyar iri biyu, ɗaya da eko ɗaya babu.

Hajiya (Rikkos): Ku turo mini duka biyun in kunna wa Inna bayan sallar isha, ba tare da na gaya mata wanne ne wanne ba.