Dan Allah wa ya san kan takardun ƙidayar Sikotlan? Sana'ar kakannin maigida nake nema

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema dan Allah. Ni a Dundee nake zaune, maigidana baturen nan ne, to babban yaronmu aka ba su aiki a makaranta wai kowa ya kawo sana'ar kakanninsa. Ɓangarena ko minti biyar ba mu yi ba, waya ɗaya na yi wa Hajiyarmu ta zayyano mana, marina ne a Ƙofar Mata tun kaka da kakanni. Da aka zo ɓangaren babansa sai aka yi cirko-cirko, shi iyakar saninsa kakansa ya yi aiki a tashar jirgin ruwa, surukata kuma tsufa ya kama ta yau ta ce kaza gobe ta ce ba ta faɗa ba. Shi ne na buɗe akawun a ScotlandsPeople, shafin gwamnatin Sikotlan na tsofaffin takardun jama'a, na shiga tonon takardun ƙidaya, yau kwana huɗu kenan kuɗi na tafiya kaina kuma ya ɗaure.

Wanda nake zaton shi ne tushen gidan a 1841 an rubuta shekararsa 30, a 1851 kuma 44, ta yaya shekara goma ta koma sha huɗu? A 1851 yana wani ƙauye kusa da Forfar an rubuta masa Ag Lab, a 1861 sai ga mai irin sunan a Dundee an rubuta carter, mutum ɗaya ne ko biyu? Ɗansa a 1881 yana unguwar Lochee wai tenter, ni dai na ɗauka mai ɗinka tanti ne. Matan kuwa gurbin sana'arsu wayam. Ta wajen uwa na ga flesher na ga writer, har na yi wa yaron albishir kakansa marubuci ne yana ta tsalle.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam Maman Biyu. Maganar shekaru kwantar da hankalinki, a ƙidayar 1841 umarni aka ba malaman ƙidaya duk wanda ya haura 15 a rage shekarunsa zuwa biyar-biyar, mai 34 sai a rubuta 30, mai 29 a rubuta 25. Kin ga 34 a 1841 da 44 a 1851 sun yi daidai. Waccan ƙidayar dama ragaggiya ce, ba ta nuna waye miji waye ɗa a gida, wurin haihuwa ma iyaka a ce a wannan gunduma aka haife shi ko a'a. Daga 1851 ne aka fara rubuta dangantaka da ainihin garin haihuwa, don haka ita za ki riƙe.

Ag Lab ɗan ƙodagon gona ne. A ƙasar noma irin ta su Forfar wata shida-shida ake ɗaukar barorin gona, a watan Mayu da Nuwamba ake cin kasuwar ɗaukar ma'aikata, shi ya sa za ki ga yaran gida ɗaya kowanne da ƙauyen da aka haife shi. Wanda ya saba da dawakin huɗa in ya shigo birni ya zama carter, wato mai amalanken doki, ba abin mamaki ba ne. Amma kar ki yanke hukunci da suna kawai, sunayensu maimaituwa suke kamar Musa da Audu a wajenmu. Ki haɗa garin haihuwarsa da sunan matar da jerin yaran a takardun biyu. In ya rasu bayan 1855, shekarar da gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ki nemo takardar mutuwarsa, ta Sikotlan tana kawo sana'ar mamacin da sunan matarsa da na ubansa da sana'ar uban har da sunan gidan su uwarsa, ita kuwa ta Ingila ba ta kawo bayanin iyayen haka.

Kawu na Glasgow:
Hahaha Maman Biyu ki je ki janye albishir ɗin nan tun yaro bai kai makaranta ba. Writer a tsohon yaren Sikotlan lauya ne, ba mai rubuta littafi ba. Flesher kuma mahauci, ashe jinin Sarkin Fawa kika aura ba ki sani ba, a dinga aiko mana tsire. Haka suke da sunayensu na daban, wright kafinta ne, cordiner mai ɗinkin takalmi, grieve kamar sarkin gandu ne mai kula da ma'aikatan gona. Lauyan da mahaucin in dai suna da ofis ko shagon kansu duba kundin adireshi na gidan waya, babban laburaren ƙasa da ke Edinburgh ya sa su a intanet kyauta har zuwa na 1911, sai ki ga titin da shagon yake.

'Yar Damagaram:
Yaya ai kina zaune a kan amsar tenter, ki ɗauki yaron ranar Asabar ku je Verdant Works nan cikin Dundee, tsohuwar masaƙa ce aka mai da ita gidan tarihi, mun je bara har injin suka kunna mana ƙara kamar kunne zai fashe. Tenter shi ne mai kula da injinan saƙa, ya saita su ya gyara in sun tsaya, matan da ke saƙar suna jiransa. Zaren da suke saƙawa irin na buhun algarara ne, ɗan uwan ramarmu, daga Bengal ake kawo shi a jirgi a tausasa da man kifin whale. A Lochee babbar masaƙar ita ce Camperdown ta gidan Cox, doguwar hasumiyar hayaƙinta har yau tana tsaye kin sha ganinta na tabbata.

Zancen mata kuma wlh abin yana ban haushi, matar aure tana aiki amma a bar gurbinta fanko ko a rubuta matar wane kawai, alhali a masaƙun Dundee mata sun fi maza yawa. Ki duba takardar aurenta, nan ake rubuta aikin amarya kafin aure, mai kaɗi ce ko masaƙiya ko 'yar aikin gida.

Baban Zara:
Ni ta aljihu zan yi magana. Neman suna a ScotlandsPeople kyauta ne, buɗe hoton takarda ke cin kiredit, kar ki buɗe sai kin tace. Fara da FreeCEN, 'yan sa kai ne suka kwafe wasu ƙidayoyin kyauta, ko da yake ba ko'ina suka gama ba. Kuma da kin fara daga sama ne kin sauko, ƙidayar 1921 ita ce ta ƙarshe da aka buɗe don sai ta shekara ɗari ake saki, kuma tana kawo sunan kamfanin da mutum yake wa aiki, daga kakan tashar jirgin nan za ki dinga ja baya.

Malamin Tarihi:
Gaskiyar Baban Zara, daga sananne ake tafiya. Sai dai kwafin 'yan sa kai in ya zo kan sana'a ki ga hoton da idonki, rubutun hannu ne na da, mai kwafa yana iya karanta tenter ya rubuta tanner, majemi kenan, kin ga an canja wa mutum sana'a.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri, na sayi takardar mutuwar, shi ne dai, sunan matar ɗaya kuma an rubuta carter. Da na koma ta 1861 na lura da wani layi a gefe ashe adadin ɗakuna masu taga ne, nasu ɗaya tal, su bakwai a ciki. Maigida ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Kawu yaron ya ce shi lauya ma ya yi masa, mahaucin ne wai ba zai rubuta ba, na ce wallahi sai ya rubuta. 'Yar Damagaram ƙarfe nawa suke buɗewa ranar Asabar?