Dilka da halawa ko injin gyaran fuska? Biki ya matso, dan Allah ku bani shawara

Amaryar Bayan Sallah:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka sani. Saura wata biyu bikina, kuma gida an rabu biyu akan gyaran jikina. Goggona ta riga ta yi magana da wata Shuwa mai dilka, tace sati biyu za a killace ni ayi dilka da halawa da kurkur da turaren jiki kamar yadda aka yiwa yayyena, ita kuma ƙawata tace wai wannan duk tsohon yayi ne, in je wajen masu inji ayi min HydraFacial, wato wankin fuska da inji, sannan a bi tabon fuskata da hasken leza. Ni damuwata fuska ce gaskiya, jikina ba laifi, amma kumatuna da haɓa duk baƙin tabon kuraje ne, in kurji ɗaya ya fito ya mutu sai ya bar shaida ta yi watanni bata tafi ba. Ni baƙa ce kuma ba fari nake nema ba, so nake kawai fatar ta zama kala ɗaya kada ranar kamu ace sai an lafta min hoda kamar ba gobe. Kuɗin ma ba zai isa duka biyun ba sai dai ɗaya. Wacce ta taɓa yin ɗaya daga ciki ta faɗa min gaskiya dan Allah.

Yar Yerwa:

Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin. Ni sana'ata kenan, wajen kakata na koya, to ki ji daga bakin mai yi. Dilka ta gaskiya ba ta ɓata fata. Asalinta daga Sudan ne, garin dawa ake kwaɓawa a turara shi da itacen ƙamshi, a sa sandal da kanumfari da mai, sai a mulmula a riƙa murzawa a jiki a hankali har dattin da mataccen fata su riƙa zubowa kamar zare-zare a kan tabarma. Bayan kwana uku zuwa huɗu ke da kanki in kika shafa hannunki zaki ji santsi, ga ƙamshin da yake kama jiki wanda ko kin yi wanka yana nan, wannan babu injin da zai baki shi wallahi. Kuma akwai hutun ma, ki zauna a ɗaki ba rana ba girki ba zirga-zirga, kina cin mai kyau kina barci, rabin kyan amarya daga nan yake zuwa.

Amma tsakani da Allah bazan ce miki dilka tana goge tsohon tabo ba. Tana sa fata sheƙi da laushi, tabon ya ɗan dusashe a ido, shikenan. Duk mai gyaran da tace miki cikin sati ɗaya zaki yi fari tas tabo ya ɓace, to ki sani ta zuba wani abu a cikin haɗin, kuma yanzu suna da yawa masu haɗa man bilicin a dilka saboda amare suna son su ga canji da wuri. Ki sa goggonki ta zauna a haɗa a gabanta. Fuska kuma ba a dirzarta kamar ƙafa, in akwai ɗanyen kurji ma bana taɓa wajen sam.

Maman Afnan:

Ni na yi HydraFacial a Abuja kuma gaskiya naji daɗinsa. Kamar minti talatin ne, wani ɗan bututu ne yake zuƙe dattin ƙofofin gashi yana kuma zuba ruwan magani, ba zafi, sai dai ki ji kamar ana jan fatar kaɗan. Da aka gama ta nuna min kwalbar da dattin ya taru a ciki ruwan duk ya yi duhu, hancina da yake cike da baƙaƙen ɗigo ya yi fes. Kwalliya ta zauna min sosai a satin. Amma fa sheƙin kwanaki ne yake yi ya tafi, kuma tabon da nake da shi yana nan inda yake, to in don tabo ne kada ki sa rai da zama ɗaya. Sannan ki lura, ba kowane inji da suke kira da wannan sunan bane na ainihi, da yawa kwaikwayo ne ake shigowa da su. Leza kam ban taɓa ba.

Anti Nas:

Ƙanwata Allah ya sa albarka a auren. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma muna ganin ƙarshen waɗannan abubuwan a asibiti, shi yasa na kasa wucewa ban yi magana ba. Maganar leza ki ajiye ta gefe sai bayan biki, dan girman Allah.

Ga dalili. Likitocin fata suna da ma'aunin kalar fata da wani likitan Amurka mai suna Fitzpatrick ya fara fitarwa a 1975, kashi 6 ne, mu yawancinmu muna tsakanin na 4 zuwa na 6, wato ɓangaren masu duhun fata. Hasken leza duhu yake bi, wato sinadarin da yake sa fata baƙi shi yake zuƙe zafin. A jikin farar fata tabon ne kawai mai duhu sai hasken ya tafi kansa kai tsaye, mu kuwa fatar gaba ɗaya tana da sinadarin, in mai riƙe da injin bata san aikinta ba sai ta ƙona lafiyayyen wajen ma. Kuma ke da bakinki kin faɗa kurji ɗaya yana bar miki tabo na watanni, to fatarki irin wadda duk abin da ya ɓata mata rai da baƙi take ramawa ce, ƙuna ta leza ko ruwan asid mai ƙarfi da ake ɓare fuska da shi zai iya bar miki abin da ya fi wanda kika je gogewa. Akwai nau'in da ya fi dacewa da baƙar fata, Nd:YAG mai lamba 1064, shi haskensa yana wuce saman fata ya shiga ciki, amma shi ma ba zama ɗaya bane, ana yi ana barin sati huɗu ko fiye a tsakani, wata biyu ba zai kai ki ko'ina ba. Wani injin hasken da suke kira IPL kuwa yana yawan ƙona irinmu.

Sai injin nan mai ƙananan allurai da ake bi da shi a fuska, yana aiki a kan ramukan da kuraje suka bari, amma jini yake fitarwa, kan allurar dole sabo a ɓare a gabanki. A Amurka ma, a jihar New Mexico, an rufe wani gidan gyaran jiki mara lasisi a 2018, daga baya hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tabbatar a 2024 cewa mata sun ɗauki cutar ƙanjamau a wajen ta hanyar irin gyaran fuskar da ake haɗawa da jini da allura. In kuma a danginku akwai masu tabo mai tudu, irin wanda yake kumbura bayan hujin kunne, to ki faɗawa likita kafin komai.

Na gargajiyan ma ba duka nake sa hannu ba. Ruwan lemon tsami a fuska sannan a fita rana yana ƙona fata. Baƙin lalle da ake zubawa dayis yana ɗauke da wani sinadarin rini mai suna PPD, mun sha ganin amare hannu ya ɗuri ruwa daidai zanen fulawar kwana biyu bayan ƙunshi, ki sa a gwada miki ɗan kaɗan a cikin dantse a jira kwana biyu tukunna. Tambaya ɗaya nake so ki amsa min: wane mai kike shafawa yanzu?

Amaryar Bayan Sallah:

Nagode sosai Anti, Allah ya saka da alheri, Yar Yerwa da Maman Afnan kuma nagode. Man da nake shafawa haɗi ne na wata mai sayarwa a Instagram, a farar roba yake zuwa ba rubutu a jiki, tace na goge tabo ne ba bilicin ba. Na kai wata huɗu ina shafawa, fuskar ta ɗan yi haske amma in na shiga rana tana min raɗaɗi, kuma kwanan nan wasu ƙananan kuraje masu yawa suka feso min a goshi.

Anti Nas:

To alhamdulillah da na tambaya. Raɗaɗi a rana da ƙananan kuraje iri ɗaya da suka feso lokaci guda, wannan alamun maganin siteroid mai ƙarfi ne a cikin haɗin, irin su clobetasol, wani lokacin har da sinadarin bilicin hydroquinone. Siteroid yana sirantar da fata. A wannan halin kada ki bari a sa miki halawa a fuska, tana iya ɗago fatar tare da gashin, kuma ko HydraFacial ɗin ma yana da ɗan asid a ruwansa, ki dakata. Kada kuma ki yanke man haɗin a rana ɗaya da kanki don fuskar tana iya yin bore ta yi ja ta ƙara fesowa, a hankali ake janye shi.

Ki ɗauki robar yadda take ki je asibitin koyarwa mafi kusa dake, in Kano kike Malam Aminu Kano, in Zariya Shika, ki nemi ɓangaren fata, ki faɗa musu ranar bikin. Kuɗin kati da magani ba zai kai na leza ba. Ki sayi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama ki riƙa shafawa kullum da safe ko da kina sa niƙabi, don rana ce take ƙara dafa tabon. Sauran kuɗin ki bawa goggo ayi miki dilkarki daga wuya zuwa ƙasa, a haɗa a gabanta kamar yadda Yar Yerwa tace, fuskar kuma a barwa likita. Ki je cikin satin nan kada ki bari sai ya rage kwana goma.

Yar Yerwa:

Gaskiya ne Anti. Amarya ki faɗawa mai dilkar maganar man tun ranar farko, in a jiki ma kina shafa shi to ta sassauta hannu kuma a rage zafin turaren. Halawar ƙafa da hannu ayi ta saura kwana biyar ko sati, kada ayi ana gobe kamu, saboda jan da ƙananan kurajen da take tayarwa su samu su kwanta.